Ka San Lafiyar Ƙodarka: Bayani A Kan Gwajin Uriya

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibiti ya san 'yar takardar nan da likita kan miƙo, ya ce a kai ɗakin gwaje-gwaje a ɗebi jini. Sau da yawa ba komai a jikinta sai sunan majinyaci da waɗansu haruffa, E/U/Cr. A je a biya kuɗi, a ɗaure wa mutum dantse da roba, a zuƙi jinin da bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, a ɗura a 'yar kwalba. In sakamako ya fito, lambobi ne jere reras. A karɓo a kai wa likita, ya duba, ko ya gyaɗa kai ko ya tsuke fuska. Mai jinin da danginsa kuwa sun zama 'yan kallo.

Wannan zaman 'yan kallo ne muke so mu rage. Harafin nan na tsakiya, wato U, uriya yake nufi, kuma awonta yana cikin tsofaffin hanyoyin da likitoci ke leƙa lafiyar ƙoda da su. Yana da araha, kusan kowane babban asibiti yana yinsa. Sai dai gwaji ne mai son a karanta shi da lura, domin yakan tayar wa mai lafiya hankali a banza, yakan kuma kwantar wa marar lafiya hankali alhali ciwo na cinsa.

Aikin ƙoda

Allah ya yi wa ɗan Adam ƙoda biyu, suna can ta baya, dama da hagu, a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Kowace ba ta fi dunƙulen hannun mai ita ba, nauyinta kamar giram 150. A cikin kowace akwai 'yan matatai wajen miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ƙoda yake nufa. A yini da kwana ƙodojin nan sukan tace ruwa wajen lita 180 daga jini, wato jarka tara mai cin lita 20. Kusan dukansa sukan mayar wa jiki, su bar lita ɗaya zuwa biyu tare da dattin da suka tsame. Wannan shi ne fitsari.

Ba tata kaɗai ce aikinsu ba. Su ke daidaita ruwa da gishirin jiki, suna da hannu wajen daidaita hawa da saukar jini, su ne kuma ke yin sinadarin da ke zaburar da ɓargo ya yi jini. Shi ya sa mai tsohon ciwon ƙoda yakan ɗashe, a yi ta yi masa ƙarin jini.

Daga ina uriya take?

Nama, kifi, ƙwai, wake, nono, awara da ƙuli-ƙuli, duk abinci ne mai gina jiki, wato mai furotin. In mun ci, jiki yakan ɗebi abin da yake buƙata don gina tsoka da gyaran abin da ya lalace. Rarar kuwa ba shi da rumbun ajiye ta yadda yake ajiye kitse, sai ya ƙone ta. Abin da kan saura bayan ƙonawar yana ɗauke da naitirojin, ya zama wani sinadari da ake kira amoniya, wanda guba ne, musamman ga ƙwaƙwalwa. Nan hanta take shigowa. Ita ce ke karɓar amoniya ta juya ta ta zama uriya, wadda ba ta da wannan dafin, tana kuma narkewa a ruwa. Jini ya kwashi uriya ya kai wa ƙoda, ƙoda ta fitar da ita. Baligi yakan fitar da kamar giram 20 zuwa 30 kowace rana. Warin nan mai hawa ka da ke tashi daga makewayin da ba a kora ruwa, uriya ce ƙwayoyin cuta suka warware ta koma amoniya.

Manomi zai ce ai shi ya san wannan suna. Gaskiyarsa. Farin takin nan da ake zuba wa masara da shinkafa da dawa shi ne dai wannan sinadari, ba kama ba ce. Na buhu a masana'anta aka yi shi, na jini kuwa hanta ce ta yi. Lambar nan 46 da ke jikin buhun Uriya tana nufin kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne. Ka riƙe wannan lamba, za ta yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Sanin nan bai samu a rana ɗaya ba. A farkon shekarun 1820 waɗansu masana biyu a birnin Janiba, Prévost da Dumas, suka cire wa dabbobi ƙoda suka ga uriya ta taru a jininsu. Daga nan aka gane ba ƙoda ke yin ta ba, fitar da ita take yi. A 1827 wani likita a Landan, Richard Bright, ya nuna cewa kumburin jiki da zubar furotin a fitsari da lalacewar ƙoda tafiyarsu ɗaya. A 1828 Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa uriya a ɗakin gwaji ba tare da mutum ko dabba ba. Sai a 1932 Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana yadda hanta ke sarrafa ta.

To, hikimar gwajin ke nan. Tun da hanta kullum tana zubawa, ƙoda kuma kullum tana kwashewa, yawan uriyar da ke jini yakan tsaya a ma'auni guda. In aka auna aka ga ta haura, sai a tambayi dalili.

Jini ɗaya, lamba huɗu

Kafin ka firgita da lamba, duba ma'aunin da aka yi amfani da shi. A Nijeriya galibi da milimol a kowace lita ake rubutawa, kuma mai lafiya yakan faɗa tsakanin 2.5 da wajen 7. A Jamhuriyar Nijar, inda aka gaji tsarin Faransa, sau da yawa giram a lita za ka gani, daga 0.15 zuwa 0.45. A Amurka ba a lissafa uriya ɗungurungum, naitirojin da ke cikinta kaɗai ake ƙirgawa, a rubuta haruffa uku, BUN, kuma daidai a wurinsu shi ne miligiram 7 zuwa 20 a kowace desilita. Ka tuna 46 ɗin buhun taki: naitirojin bai kai rabin nauyin uriya ba, don haka in aka ninka lambar BUN sau biyu da ɗan ɗoriya sai a sami nauyin uriyar gaba ɗaya, wanda shi ne asibitoci da yawa a Indiya suke rubutawa.

Saboda haka mutum guda, jini guda, a Kano a rubuta masa 5, a Maraɗi 0.30, a Amurka 14, a Indiya 30, kuma duka huɗun magana ɗaya suke yi: lafiya lau. Wanda ya dawo daga Indiya da takarda mai 30 ya gwada da ta maƙwabcinsa mai 5, zai hana kansa barci ba gaira ba dalili. Kowane ɗakin gwaji yakan buga iyakar da ya ɗauka daidai a gefen sakamako. Da ita za ka gwada lambarka, ba da ta wani ba.

In ta hau, ba lalle ƙoda ce ta lalace ba

Dubi kwatar unguwa. Datti yakan taru a cikinta in an zuba shara fiye da ƙima, ko in ruwan da ke kora ta ya yi ƙaranci, ko in ta toshe daga can ƙasa. A duka ukun nan ginin kwatar lafiyarsa ƙalau. Sai a karo na huɗu ne za ka tarar ita kanta kwatar ce ta rushe. Haka lamarin uriya yake, kuma aikin likita shi ne ya gano wanne ne cikin huɗun.

Ƙarancin ruwa shi ya fi yawa a wurinmu. Ko a lokacin lafiya, ƙoda takan mayar da wajen rabin uriyar da ta tace cikin jini. In jiki ya bushe, sai ta dage wajen riƙe ruwa, uriya kuwa ta bi ruwan ta koma. Yaron da ya kwana yana gudawa da amai, mutumin da kwalara ta kama, lebura ko mai turin ruwa da ya yini a ranar Afrilu bai sha na kirki ba, mai jegon da ta zubar da jini wajen haihuwa, mai ciwon zuciyar da ba ta iya tura jini yadda ya kamata, duk in an auna su ana iya ganin uriya ta yi sama. A ɗaura wa mai gudawan nan ƙarin ruwa, cikin kwana ɗaya ko biyu lamba ta sauko. Amma fa a kula. Ƙodar da aka bari cikin fari ta daɗe, ita ma takan ji rauni, daga ƙarancin ruwa a koma ciwon ƙoda na gaske. Ruwan gishiri da sukarin da ake rainawa, in an fara ba yaro tun gudawar farko, ya ceci ƙodoji da yawa.

Yawan shara kuwa, mafi sauƙinsa shi ne cin nama. Wanda ya yi kwana uku yana dirkar soyen layya, aka ɗebi jininsa, uriyarsa na iya ɗan ɗagawa, ba wani abin damuwa. Mai haɗarin shi ne zubar jini a cikin ciki. Jini ai furotin ne. In gyambon ciki ya fashe, hanji ya narkar da jinin kamar abinci, sai uriya ta tashi alhali ƙoda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wanda ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, mai danƙo da mugun wari, ya tafi asibiti a ranar. Zazzaɓi mai zafi da ƙunar wuta su ma sukan sa jiki ya ci naman kansa. Haka kuma ƙwayoyin ƙiba da waɗansu mata ke sha, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Da yawansu suna ɗauke da wani magani mai kumbura fuska da ciki, yana zaizaye tsoka, ga jawo hawan jini da ciwon suga. Ƙibar da ake gani a ido ba ta lafiya ba ce.

Toshewa ta fi samun dattawa maza. Akwai wani ƙululu a ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda kan girma da shekaru ya matse hanyar fitsari. Tsoho ya riƙa tashi sau biyar da dare, ya yi ta yunƙuri fitsarin na ɗiga, kunya kuma ta hana shi faɗa wa 'ya'yansa. Fitsarin da ya rasa hanya yakan koma baya ya danne ƙoda. In an kai shi da wuri aka sa masa robar fitsari, uriya takan sauko. Tsakuwar ƙoda da tsargiyar da aka yi shekaru ba a yi maganinta ba su ma sukan toshe hanya.

In ba ta hau ba, ba lalle ƙoda ce lafiya ba

Wannan ɓangaren ya fi wancan ban tsoro, shi ne kuma jama'a suka fi jahilta. An yi wa ƙoda ƙarfi fiye da buƙatar yau da kullum, har mutum yana iya ba ɗan'uwansa guda ya rayu da guda. Wannan rahama ce, amma ita ce ke ɓoye ciwo. Sau da yawa uriya ba ta ƙetare iyaka sai wajen rabin aikin ƙoda ya tafi.

Ga talaka kuwa ɓuyan ya fi haka. Mutumin da abincinsa tuwo da miyar kuka, nama sai ranar kasuwa ko suna, tun asali uriyar da hantarsa ke yi kaɗan ce. Ƙodarsa na iya yin rauni ƙwarai lambar ta zauna cikin iyaka. Mai ciwon hanta shi ma haka, tun da masana'antar ce ta raunana. Mai juna biyu kuwa ƙodarta takan ƙara himma, uriyarta ta sauka ƙasa da ta sauran mutane, don haka lambar da take daidai ga mijinta tana iya zama gargaɗi gare ta.

Dalili ke nan da likita ba ya aika uriya ita kaɗai. Haruffan nan na ƙarshe, Cr, kiratinin suke nufi, wani datti ne da tsoka ke fitarwa kusan daidai wa daida kowace rana, abinci da ƙishirwa ba su cika girgiza shi kamar uriya ba. In uriya ta yi tsalle kiratinin bai motsa sosai ba, hankalin likita yakan tafi ga bushewar jiki ko zubar jini a ciki. In sun hau tare, sai ya dubi ƙodar kanta, ko ya aika a yi hoton ciki a ga ko akwai toshewa. Daga kiratinin da shekarun mutum da jinsinsa ake lissafa ƙarfin tatar ƙoda. Daga 90 zuwa sama shi ne cikakke. In ya zauna ƙasa da 60 har wata uku, an shiga ciwon ƙoda mai daɗewa. Ƙasa da 15, ƙoda ta gaza. Harafin farko, E, na gishirin jini ne, musamman fotashiyam, wanda in ya taru yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya.

Akwai kuma gwajin da ya fi duka araha, ya kuma fi su saurin tona asiri, wato na fitsari. Richard Bright a cokali yake ɗumama fitsari bisa kyandir ya ga ko zai guda. Yau ɗan siririn tsinken takarda ake tsomawa, cikin minti guda launinsa ya sauya in akwai furotin ko jini. Ga mai suga da mai hawan jini, furotin yakan fara zuba a fitsari shekaru kafin uriya ta motsa. Wanda ya ga fitsarinsa yana yawan kumfa mai daɗewa ba ta baje ba, ya nemi wannan gwaji.

In dattin ya yi yawa

Ita uriya a kan kanta ba ita ce mafi dafi ba. Alama ce cewa sauran dattin da ba a aunawa su ma sun taru. In abin ya yi nisa sai abinci ya fita kan mutum, tashin zuciya da amai, ƙaiƙayi ko'ina, shaƙuwa mai naci, numfashi yana zarnin fitsari, fuska da ƙafa su kumbura, daga baya ruɗewa da suma. A nan ne gidaje da yawa suke ɓata hanya. A ce sammu ne ko jifa, a kawo jiƙe-jiƙe da sassaƙe masu sa gudawa wai a wanke ciki, a ƙara busar da jikin da ƙodarsa ke neman agaji. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Amma ɗura wa mai kumburi abin da ba a san ƙarfinsa ba ganganci ne.

Wanda ƙodarsa ta gaza, na'ura ce ke karɓar aikin. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, ya ƙera ta a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙa'ida sau uku a mako ake wankin ƙoda, kowane zama kamar awa huɗu, kuma a nan ma uriya ce ma'auni: a ɗebi jini kafin a hau na'ura da bayan an sauka, in wankin ya yi kyau ta ragu da wajen kashi biyu cikin uku. Ya kamata a san cewa ba kowane wanki ne na har abada ba. Ƙodar da ta tsaya farat ɗaya saboda kwalara, ko zubar jinin haihuwa, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko saran kububuwa, takan farfaɗo bayan 'yan zama kaɗan. Kada dangi su ɗauke majinyaci su gudu don kawai sun ji an ambaci na'ura. Wadda ta lalace a hankali cikin shekaru ita ce ba ta dawowa, sai wanki ko dashe. An fara cin nasarar dashen ƙoda a birnin Boston na Amurka a 1954, a Nijeriya kuwa a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002. Amma kowa ya san gidan da aka sayar da gona da shanu saboda wannan jinya.

Manyan masu kai mutane ga wannan hali su ne hawan jini da ciwon suga, sai amosanin jini ga masu shi. Bayansu akwai abin da muke saya da kuɗinmu. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda 'yan ƙwadago ke haɗiya safe da yamma daga tiren mai talla a tasha, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, balle a sha su cikin zafi da ƙishirwa. Waɗansu mayukan bilicin suna ɗauke da zaiba. Ba a kuma manta da maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ba, wanda aka gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, ya hallaka yara 84 a Nijeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Mutanen Gashuwa da kewayenta a jihar Yobe kuwa sun daɗe suna kokawa da yawan masu wannan ciwo a garuruwansu.

Jama'a, duk mai hawan jini, da mai suga, da mai amosanin jini, da wanda aka yi ciwon ƙoda a gidansu, ya je a auna masa uriya da kiratinin da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin garau. Ya sha ruwansa kamar yadda ya saba kafin ɗibar jini. Ya zuba duk magungunan da yake sha a leda, na kemis da na gargajiya, ya ajiye gaban likita, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka riga aka ce ƙodarsa ta yi rauni ya shawarci likitansa kafin azumi ya kama. A rage gishiri da ɗanɗanon miya, kada duka na yini ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, wato giram 5. Alhamis ta biyu ta watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, asibitoci da dama sukan yi awon jini da fitsari kyauta ko cikin rangwame a lokacin.

Takardar sakamako kuma kada a naɗe ƙosai da ita. A adana ta inda ake adana takardun gida, a zo da ta bara in za a yi ta bana, domin likitan da ya ga 4 ta koma 7 cikin shekara ɗaya ya fi wanda ya ga 7 kaɗai sanin abin da zai yi maka.